Mai ɗura harsashi da hannunsa, ina littafinsa?

A Amurka akwai maharba da yawa da ba sa barin kwanson harsashi a ƙasa bayan sun gama harbi. Sukan tsince shi, su kai gida su wanke, su sake ɗura shi da hannunsu. Tsohuwar harka ce a can, tana da kamfanoninta irin su RCBS da Lee da Hornady da Hodgdon, tana da manyan littattafan awo da ake sake bugawa lokaci zuwa lokaci. Dokar tarayya ba ta neman lasisi daga wanda yake yi don amfanin kansa, sai in sayarwa zai yi. Wasu sauƙin kuɗi ne ya kai su, wasu kuma so suke su samu harsashin da ya fi na kanti dacewa da bindigarsu. Ba ni da ja da ko ɗaya daga cikinsu. Inda nake da magana shi ne kan littafin da ya kamata ya zauna a gefen sikeli. A ganina, duk wanda ya ɗura harsashi bai rubuta abin da ya zuba a ciki ba, bai kamata a bar shi ya tsaya a cikin mutane ya harba shi ba, ko da shekarunsa hamsin a harkar.

Abu huɗu ne ke haɗuwa su zama harsashi: kwanson tagulla, da hular da ke gindinsa mai ba da tartsatsi, da albarushi, sai kan harsashin da ke fita ta bakin bindiga. In an danna kunama, albarushin zai kama ya zama iska mai zafi a cikin ɗan ƙaramin wuri, kafin ƙiftawar ido. Hukumar masana'antun makamai ta Amurka da ake kira SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita ce ke faɗin iyakar matsin da kowane irin harsashi zai iya kaiwa. Na .308 Winchester, wanda mafarauta ke yawan amfani da shi, iyakarsa fam 62,000 ne a kan kowane murabba'in inci. Tayar ƙaramar mota kusan 32 ake hura mata. Wato wajen ninki dubu biyu ke nan, kuma yana tashi ne a tazarar da ba ta kai taƙi ɗaya ba daga idon mai harbi. Abin da ke tsare wannan matsi a cikin iyaka shi ne awon albarushi, shi kuma ana yin sa da wani ma'auni da suke kira giren. Giren 7,000 ne ke cika fam ɗaya, kuma sikelinsu yana karanta kashi ɗaya cikin goma na giren. Wanda yake aiki da irin wannan awo ya ce maka yana riƙe da komai a ka, kada ka tsaya kusa da shi.

Da awon kaɗai ne matsalar, da da sauƙi. Kwanso biyu masu suna ɗaya daga kamfanoni biyu ba lallai cikinsu ya zo daidai ba, wanda bangonsa ya fi kauri cikinsa ya fi ƙanƙanta, matsi kuwa sai ya ƙaru. In aka tura kan harsashi ciki fiye da yadda aka saba, musamman a ƙaramin kwanso irin na 9mm, matsi ya ƙaru. In aka canja hula, lissafi ya canja. Ɗurin da ya yi lafiya lau a sanyin hunturu yana iya yin gardama a ranar zafi, bayan akwatin ya wuni a cikin mota. Albarushin ma da kansa, gwangwani biyu masu suna ɗaya in ba zubi ɗaya ba ne a masana'anta, ƙarfinsu kan ɗan bambanta, shi ya sa kowane gwangwani yake ɗauke da lambar zubi, kuma kamfanoni suke cewa in ka buɗe sabon zubi ka rage awo ka sake hawowa a hankali. Ga kuma tarkon suna. Akwai IMR 4350, akwai H4350, akwai Accurate 4350. Lamba ɗaya, albarushi uku, kowanne da nasa awon. Mutum ya ɗura harsashi ɗari a watan Maris, ya zuba a akwati, ya dawo kansu a Nuwamba lokacin farautar barewa, yana cewa ai 4350 na zuba. Wanne daga ciki?

Harsashin .38 Special ya fi kowanne ba ni tsoro a wannan fage. An ƙirƙiro shi a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin baƙin albarushi mai cika wuri, saboda haka kwansonsa dogo ne. Albarushin zamani marar hayaƙi, wanda Paul Vieille ya fara fitar da shi a Faransa a 1884, ɗan kaɗan ake buƙata. In aka zuba awon da ya dace, sai ya kwanta can ƙasan kwanso, ya bar wurin da zai ɗauki wani awon har ma da ƙari. Waya ta yi ƙara, ko yaro ya shigo da tambaya, mutum ya dawo bai tuna ya riga ya zuba ba, ya sake zubawa, ya rufe. Daga waje ba abin da zai nuna. Akwai kuma kishiyar wannan: a manta ba a zuba komai ba, hular kaɗai ta tura kan harsashi ya maƙale a cikin bututu, na biye da shi ya zo ya tarar da hanya a toshe. Littafi ba ya hana mutum yin kuskure a lokacin da hannunsa ke aiki, wannan gaskiya ne. Amma in aka samu harsashi ɗaya da matsala, littafin ne zai faɗa maka sauran 'yan'uwansa arba'in da tara suna akwati kaza, an ɗura su ranar kaza, sai a ware su a warware su. Wanda ba shi da littafi, ko dai ya warware duk abin da ya mallaka, ko ya rufe ido ya ci gaba da harbi. Na biyun aka fi yi.

Na taɓa zama a garejin wani dattijo a jihar Ohayo, tsohon makaniken jirgin ƙasa, na ga yadda yake nasa. Littafin makaranta ne mai bangon kwali, gefensa ya yi baƙi da man hannu. Kowace bindiga da nata littafin. Ya ja layuka da biro da rula: kwanan wata, kamfanin kwanso da sau nawa aka harba shi, irin hula, sunan albarushi cikakke da lambar zubinsa, awo, nauyin kan harsashi, tsawon harsashin bayan an haɗa, da littafin da ya samo awon har da shekarar bugunsa. Shafin dama kuma na filin harbi ne. Nan yake rubuta zafin ranar, da saurin harsashi kamar yadda na'urarsa ta auna, da faɗin wurin da harbi biyar suka taru a takarda. A ƙasan wani shafi na ga ya rubuta da jan biro cewa hula ta baje, sakatar bindiga ta yi tauri wajen buɗewa, kada a sake wannan awon. Ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Kowane akwatin harsashi a kan kanta yana da takarda manne, da lamba, lambar kuma tana kai ka shafin. Sannan gwangwanin albarushi ɗaya tak yake yarda ya hau teburin a lokaci guda, sauran suna kulle a wani wuri. Da na ɗauki wani akwati ina dubawa, sai ya ce da ni, "Wannan jikana ba zai sha wahalar tambaya ba in na mutu."

Wannan magana tasa ita ce ta fi komai nauyi a wurina, domin ita ce ta fitar da lamarin daga sha'anin mutum shi kaɗai. Masu ɗurin hannu suna da wata doka da kusan kowa ya yarda da ita, cewa kada ka harba ɗurin wani. Amma ana mutuwa, ana raba gado, ana kwashe kayan gareji a sayar da araha. Akwatin da babu takarda a jikinsa yakan faɗa hannun saurayin da bai taɓa jin wannan doka ba. Haka a filin harbi, teburan a jere suke, kamu kaɗan ne tsakani. In bindiga ta fashe, ƙarfen ba ya tambayar wane ne ya yi ɗurin.

Akwai masu cewa ai kamfanoni sun riga sun yi gwaji sun buga littafi, me za a ƙara? Abin da kamfani ya buga sakamakon bututun gwajinsa ne, a ɗakin gwajinsa, da kayan da ya haɗa a ranar. Shi ya sa kowane littafin awo yake ba da awon farawa da awon ƙarshe, yana kuma gargaɗi a fara daga ƙasa. Inda bindigarka ta tsaya tsakanin waɗannan biyu, kai kaɗai za ka gano, kuma ba a gano shi a zama ɗaya. Ban da haka, abin da aka buga ma yana canjawa. A 2008 kamfanin Alliant ya fitar da sanarwa cewa a daina amfani da albarushinsa Blue Dot a harsashin .41 Magnum, da kuma .357 Magnum mai kai na giren 125, alhali awon yana nan a littattafan da suka gabata, mutane sun yi shekaru suna bi. Wanda ya rubuta abin da ya zuba, a ranar zai je ya zaro akwatunan. Wanda bai rubuta ba, sanarwar ba ta amfane shi da komai ba. Haka kuma a 2020 da 2021, lokacin da hula da albarushi suka yi ƙamfa a kantunan Amurka, mutane sun riƙa sayen duk abin da suka samu suna musanyawa da wanda suka saba. A irin wannan lokaci ne akwatuna ke cakuɗewa, kuma da yawa daga cikin abin da aka ɗura a waɗannan shekaru yana nan a ajiye har yau.

Su kansu manyan harkar da ake alfahari da su, rubutu ne ya ɗaga su. Elmer Keith, makiyayin nan na jihar Aidaho, ya fasa bindigarsa Colt .45 a shekarun 1920 da ɗurin da ya wuce kima. Bai ɓoye ba, ya rubuta abin da ya faru ya aika aka buga, ya koma gwaji da .44 Special mai kaurin ƙarfe, yana bayyana sakamakonsa shekara da shekaru, har Remington da Smith & Wesson suka fitar da .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950. Harsashin .22-250 ma a hannun masu gwaji ya daɗe kafin Remington ta karɓe shi a 1965. Malamanmu kan ce ilimi farauta ne, rubutu shi ne igiyar ɗaure shi. Da waɗannan mutane a ka suka riƙe, da kowane sabon shiga sai ya fasa tasa bindigar kafin ya koyi abin da suka koya.

Uzurin da ya fi ƙarfi daban ne, kuma ban raina shi ba. Ba'amurke mai bindiga yana ƙyamar duk wani abu mai kama da rajista. Dokar 1968 ta tilasta wa masu kanti rubuta cinikin harsashi, dokar 1986 ta soke mafi yawan wannan, ta kuma hana gwamnatin tarayya kafa rajistar masu bindiga. Tun daga nan wasu ke kallon kowace takarda a matsayin abin da wata rana za a zo a karɓe, ko lauya ya ɗaga a kotu. Da aka fara fitar da manhajojin waya na ajiye bayanan ɗuri, tsoron ya ƙaru, tunda ba ka san inda bayanin yake kwana ba. Wannan na ƙarshe na yarda da shi, kuma maganinsa a kusa yake: a koma ga takarda da biro. Amma haɗa littafin mai ɗuri da rajistar gwamnati kuskure ne. Rajista tana faɗin wane ne ke da me. Littafin mai ɗuri yana faɗin me ke cikin wannan kwanso. Wanda ya ƙi na biyu don tsoron na farko, ba gwamnati ya cuta ba, idonsa da yatsun maƙwabcinsa ya sa a caca.

To a sa doka ke nan? Ban goyi bayan a ce ɗan sanda ya riƙa shiga gareji yana duba littafi ba. Dokar da ba za a iya bibiya ba, littafin ƙarya kawai za ta haifar, wanda za a cika a dare ɗaya. Na fi gamsuwa da hanyar Jamus a nan. A can ba ka sayen albarushin ɗuri sai da izini ƙarƙashin sashe na 27 na dokar abubuwan fashewa, izinin kuma ba ya samuwa sai ka yi kwas ka ci jarrabawa, kuma duk abin da ka saya ana shigar da shi a takardar izinin. Sun kama mutum tun daga ƙofa, kafin ya koyi mummunar ɗabi'a. Turai gaba ɗaya ta daɗe da wannan tunani na gwaji da hatimi: gidan gwajin bindiga na Birmingham tun 1813 yake aiki, hukumar CIP da ke daidaita gwaji tsakanin ƙasashe kuma tun 1914. A Amurka, inda irin wannan doka ba za ta wuce cikin sauƙi ba, masu filayen harbi da ƙungiyoyin maharba suna da ikon da ya ishe su. Su ne ke cewa a sa tabarau da abin toshe kunne, ba wanda ya ce an taɓa masa 'yanci. Su ƙara ɗaya: akwatin ɗurin hannu da babu takarda a jikinsa ba ya hawa tebur.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi zai iya cewa wannan duk zancen masu ƙoshi ne. A wani ɓangare haka ne, kuma ba kira nake a fara ɗura harsashi a gida ba. A Nijeriya dokar bindigogi ta 1959 ta hana ƙera ko haɗa harsashi a wajen wuraren da hukuma ta amince, kuma da halin da Arewa ke ciki ba mai hankalin da zai nemi a sassauta. Amma muna da namu masu ɗurin hannu, tun kafin a haifi kakan wancan dattijo na Ohayo. Duk maharbin da ke riƙe da bindigar toka, shi ne masana'antar harsashinsa. Shi ke zuba albarushi ta baki, ya tura tsumma, ya zuba dalma, ya danna da sanda. Haka masu bindigar Sarki da ke sa ƙasa ta girgiza ranar hawan salla a Kano da Katsina da Zazzau. Dokar ta san da su, ta ware bindigar ɗuri a rukuninta, ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha iko a kan lasisinta. Kuma tun da maharba suka taimaka wajen ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a 2014, kowa ya ga an jawo su cikin aikin tsaro, suna ɗuri a cikin gaggawa da fargaba, ba a natse kamar ranar farauta ba.

Awonsu na yatsa ne. A zura sanda a bututu, a ga yatsu nawa ta rage a waje, a ce ɗurin yatsa uku ne ko huɗu. Wannan awo yana da hikima, ya kuma yi aiki shekaru aru-aru, amma ya dogara ne ga abubuwa biyu da yanzu ba su tabbata ba: cewa albarushin yau irin na jiya ne, kuma bututun zai ɗauka. Albarushin da ake saye a kasuwa a ƙulle a leda ba shi da suna balle lambar zubi. Bututun kuwa sau da yawa maƙeri ya samo shi ne daga ƙarfen da ba don wuta aka yi shi ba, kuma ba gidan gwajin da ya taɓa ganinsa. Mafi muni, akwai masu farke harsashin zamani su juye albarushinsa a bindigar toka don ta ƙara ƙarfi. Wannan albarushi marar hayaƙi ba a yi shi don irin wannan bututu ba, yatsa uku nasa ba yatsa uku na baƙi ba ne, kuma fasa bindigar yake yi. Duk wanda ya zauna da maharba ya ga mai yatsu uku a hannu, ko mai tabon ƙuna a kunci. Mukan ce tsautsayi ne, mu yi masa jaje, a wuce wurin. Ba wanda ya tambayi daga wane ƙulli aka ɗebo albarushin, ko wa kuma ya saya daga wannan ƙullin.

Ga kuma ɗuri kan ɗuri, wanda ba ya barin ko sojan da aka horar. Bayan gwabzawar Gettysburg a 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka, an tsince bindigogin ɗuri sama da 27,000 a filin daga. Mafi yawansu a ɗure suke, dubbai an ɗura su sau biyu ko fiye, ɗaya har ɗuri 23 aka ciro daga cikinta. Bindiga ta ƙi tashi a cikin hayaniya, mai ita bai lura ba, ya sake zubawa. Maganin wannan a bindigar ɗuri alama ce a jikin sanda, tsaga ɗaya ta bututu wofi, ɗaya ta ɗuri guda. Wannan ma ajiye bayani ne, ko da ba da alƙalami aka yi ba.

Abin da nake nema ga namu bai kai na Ohayo yawa ba. Kowace ƙungiyar maharba, ƙarƙashin Sarkin Bakanta, ta ajiye littafi ɗaya. Kowace bindiga ta samu shafi: wane maƙeri ya yi ta, wace shekara, yaushe aka gyara ta kuma me aka gyara, iyakar ɗurin da aka yarda ta ɗauka. A wani ɓangaren a rubuta albarushi, daga wa aka saya, yaushe, su wa aka raba wa, kuma wa ya fara gwada shi da ɗan kaɗan kafin a sake shi ga jama'a. In bindiga ta fashe, a rubuta ranar da abin da aka zuba mata, ba don a kama mai laifi ba, don a karɓe ragowar wannan albarushi daga hannun sauran kafin wayewar gari. In an ce maharba ba su yi boko ba, ai da yawansu sun yi allo, ajami ya wadatar, kuma babu ƙungiyar da ta rasa saurayi ɗaya mai rubutu. Su ne fa ke riƙe da sunayen saiwoyi da lokutan ɗibarsu ba tare da kuskure ba, kula da ƙa'ida ba baƙon abu ba ne a wurinsu.

Na san abin da za su ji tsoro, kuma shi ne dai tsoron Ba'amurken can a wata riga: kada littafin ya zama abin da jami'i zai riƙe yana tatsarsu da shi, ko a bi shi a ƙwace bindigogin da suke kare garinsu da su. Saboda haka littafin ya zauna a hannun ƙungiya da masarauta. Gwamnatocin jihohi da ke ɗaukar sunayen maharba da 'yan sintiri suna raba musu babura, in da gaske suke, su haɗa da wanda ya san ƙarfe ya zagaya ya duba bututu, ya ware waɗanda suka tsage, a biya mai ita kuɗin sabuwa maimakon a ƙwace a bar shi hannu wofi. Wanda ya san za a musanya masa, da kansa zai kawo tasa a duba.